Tozo da ƙololuwa: duba ga hashiyar warƙa ta 31

Mai karatu zai ga cewa tun farkon wanga littafi ban tsaya na yi doguwar magana bisa wata warƙa ba. Inda tawada ta cinye takarda na faɗa, inda gara ta ci na faɗa, na wuce. Amma warƙa ta 31 ta tsai da ni kusan wata biyu, kuma don ita ne muka yi saɓani da wani dattijo daga cikin waɗanda suka ba ni izinin fitar da littafin. Shi ya sa nake neman haƙurinka, ya ɗan'uwa ɗalibi, mu zauna kanta kaɗan.

Littafin dai, kamar yadda na faɗa a gabatarwa, Arba'una Hadisan ne na Imam Nawawi, wanda ya rasu shekara ta 676 bayan Hijira, da fassarar Hausa da ajami a ƙarƙashin kalmomi. Takardar irin ta dā ce mai alamar jinjirin wata uku, wadda ake gani idan an ɗaga ta ga haske. Warƙa ta 31 ta faɗo kan hadisi na 29, na Mu'azu ɗan Jabal, Allah Ya yarda da shi, wanda Tirmizi ya ruwaito, inda aka ambaci kan al'amari da ginshiƙinshi da ƙololuwar tozonshi. Da Malam, Allah Ya jiƙan shi, ya iso ga kalmar zirwa, sai ya bar matani ya juya takarda a kaikaice, ya cika gefenta da jerin kalmomin Larabci 12, dukkansu masu ma'anar wurin da ya fi bisa ga abu. Ga su yadda ya jera su: zirwa, sanam, garib, ƙimma, ƙulla, ƙunna, sha'af, a'araf, gaya, muntaha, auju, istiwa'i. Ya sa Hausa ƙarƙashin 11, ya bar guda ba komi.

Hannu biyu ne a warƙar. Akwai baƙar tawada mai kauri, hannun Malam, wanda muka saba da shi tun warƙa ta farko. Akwai kuma wata tawada da ta koɗe ta yi ja-ja, da alƙalami mai sirara baki, hannun wani almajiri da littafin ya shiga hannunshi daga baya. Abin da almajirin nan ya yi shi ne ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta “bisa” kusa da kowace. Bisa, bisa, bisa, har sau 12, har da wadda Malam ya bari fayau. Ba na zagin shi. Na san abin da ya sa, don ni ma na yi irinta ina yaro: ana biya maka karatu da asuba, barci na fizgar ka, ka kama kalma guda da za ta fisshe ka in an tambaye ka. Kuma bai yi ƙarya ba, duk akwai bisa cikinsu. Sai dai wanda ya ce da gero da dawa da maiwa duk hatsi ne ya faɗi gaskiya, amma ba za ka aike shi kasuwa ba.

Ba Malam ne ya fara irin wanga jeri ba. Sa'alabi, wanda ya rasu shekara ta 429, ya keɓe fasali cikin Fiƙhul Luga don sunayen bisan abubuwa da kawunansu, kuma duk wanda ya yi yawo cikin Ƙamus na Firuzabadi ya san yadda Larabawa suka yawaita suna ga dutsi da raƙumi. Abin da yake na Malam shi ne neman takwarar kowace kalma cikin Hausa. A nan ne za a auna shi, kuma a nan nake cewa ya dace ƙwarai a wurare, ya yi sako-sako a wuri biyu, ya kuskure a wuri guda kuskuren da ke taɓa salla.

Mu fara da inda shi ma ya fara. Ƙarƙashin sanam ya rubuta tozo, ƙarƙashin zirwa ya rubuta ƙololuwa. Zirwa ana karanta ta da wasalin ƙasa, ana kuma karanta ta da rufu'a, zurwa, kuma Malam ya sa wasullan biyu bisa harafi guda, alamar ya san da haka. Almajirin ya soke tozo da ɗan layi ya sa bisa, kamar yana jin kunyar a ambaci tozon dabba cikin maganar addini. To tozon nan shi ne maganar. Hadisin ya kawo abu uku, kowane da matsayinshi: kai shi ne Musulunci, ginshiƙi ita ce salla, ƙololuwar tozo shi ne jihadi. Ƙarƙashin kalmar ginshiƙi Malam bai ma rubuta ginshiƙi ba, dirka ya rubuta, itacen nan mai baki biyu da ke riƙe da rumfa, wanda in ka zare shi rumfa ta kwanta. Wanda ya taɓa zama da masu raƙuma ya san raƙumi ba ya rayuwa ba kai. Amma tozo kitse ne da dabba ke tarawa in ta ƙoshi ta huta. Ka dubi raƙuman ayarin gishiri sa'ad da za su tashi zuwa Bilma, ka sake duban su in sun dawo: tozon ya zube, ya kwanta gefe guda, amma raƙumi na nan da ranshi yana tafiya. Tozo shi ake hangowa daga nesa, shi mai saye ke fara taɓawa a kasuwar Abalak don ya san lafiyar dabba, kuma ba ya tsayuwa sai jiki ya samu abin da yake bukata.

Na daɗe a nan don abin da ya faru gabana. Wata rana a zaure, bayan la'asar, wani saurayi mai ƙwazo, wanda ya yi karatu a wani wuri ya dawo, ya kafa hujja da wanga hadisi cewa tunda jihadi ne ƙololuwa, to ya fi salla, kuma wanda ya tafi gare shi ba ya bukatar izinin kowa. A ƙasarmu yau, da abin da mutanen Difa da Tilaberi suka gani, ba magana ce da ake saurara ana murmushi ba. Na ce mishi, “Malam ƙarami, ƙololuwar mi?” Ya ce ƙololuwar addini. Na ce a'a, koma ga lafazi, ƙololuwar tozo aka ce. Ya yi shiru. An koya mishi bisa, ba a koya mishi tozo ba. Wanda aka ba bisa kaɗai zai ɗauka tsani ne, na sama ya fi na ƙasa, shi ke nan. Ibn Rajab, wanda ya rasu 795, da ya yi sharhin wanga hadisi ya fahimci fifiko daga kalmar, amma fifiko bayan farillai. Kuma a littattafanmu na Malikiyya, tun daga Risala, jihadi farilla ce da wasu ke ɗauke wa wasu, tana da shugaba da sharuɗɗa, ga kuma maganar izinin iyaye, alhali salla tana kan wuyan kowane baligi mai hankali sau biyar kullum, ba mai ɗauke mishi. Duk wanga bayani yana cikin kalma guda da Malam ya zaɓa, almajiri ya soke.

Garib kuwa Malam ya ce gaban tozo. Daidai ne: wurin da ke tsakanin wuya da tozo. A nan Buzaye ke ɗora sirdi, mahayi ya miƙe ƙafafunshi bisa wuyan raƙumi. Wato wurin zama ba shi ne wurin da ya fi tsawo ba. Ɗalibin fiƙihu zai sake gamuwa da kalmar a babin saki, cikin kinayar nan da mutum ke ce wa matarshi an jefa igiyarta bisa garib ɗinta, kamar taguwar da aka saki ta yi kiwo inda ta so. Wanda bai san wurin ba a jikin dabba ba zai gane mi ya sa malamai suka ɗauki lafazin da nauyi ba.

Sai ukun nan masu kama da juna, ƙimma da ƙulla da ƙunna. Yara na dariya in an zo kansu, don kunnen Bahaushe ƙulla igiya yake ji da ƙunar wuta. Malam ya ba ƙimma tsakar kai, ya ba sauran biyun kan dutsi. Ban da abin cewa ga ƙunna. Ƙimma kuwa asalinta ga kan mutum take, daga nan aka ara wa dutsi da sauran abubuwa, har Larabawan yau suke kiran taron shugabannin ƙasashe da ita, abin da gidajen rediyo ke fassarawa taron ƙoli. Malam ya kama asali ya bar reshe, kuma ga mai koyo hakan ya fi. Ƙulla ce ya taƙaita. Tana nufin kan dutsi, gaskiya, amma tana nufin babban tulu, kuma da wagga ma'ana ta biyu ɗalibi zai fi saurin haɗuwa da ita, a hadisin ruwan da ya kai ƙulla biyu, wanda Shafi'awa suka yi ma'auni da shi, mu kuwa muke duban canjin launi da ɗanɗano da ƙamshi. Na taɓa jin wanda ya fassara wurin da ruwan kan duwatsu biyu. Da Malam ya ƙara kalma guda da ya tsare wanga. Na ƙara ta a bayanin ƙasa.

Akwai wani abu na rubutu da ya kamata mai karatun ajami ya lura da shi a nan. Malam yana rarrabe ƙaf wau da kaf lasan: ƙoli da ƙaf, kai da kaf. Almajirin ba ya rarrabewa. A wani wuri can gaba, warƙa ta 38, ya kwafi kalmar Malam ya rubuta ta da kaf lasan, ƙoli ya koma koli, kayan allura da madubi da turare. Kuma tunda rufu'a guda ce ke ɗaukar o da u a rubutunmu, wanda bai san kalmar ba tun farko zai iya karanta ta yadda ya ga dama. Ajami rubutu ne da ke dogara ga mai karatu ya riga ya ji kalmar a bakin malami. Da zarar littafi ya rabu da zaure ya shiga hannun wanda bai ji ba, sai irin waɗanga su fara fitowa.

Wanga ya kai mu ga ɗigo guda da ya ci mini mako biyu. Kalma ta bakwai, Malam ya fassara ta kawunan duwatsu, ma'anar sha'af ke nan. Amma abin da ido ke gani a takarda ya fi kama da sha'ab. Dalili sananne ne ga duk wanda ya yi rubutun allo: a rubutunmu, irin na Magrib, fa ɗigonta guda a ƙasa yake, ƙaf ɗigonta guda a bisa. Ba ma ɗigonta guda a ƙasa yake. Bambancinsu ɗan kan nan ne zagayayye na fa. In alƙalami ya sha tawada da yawa kan ya toshe, ko marubuci ya yi sauri bai zagaya ba, fa ta zama ba. Kalmar ta zo a hadisin Abu Sa'idil Khudri, mai maganar zamanin da tumaki za su zama mafificiyar dukiyar Musulmi, yana bin duwatsu da su don ya tsere da addininshi daga fitina. Yana cikin Muwaɗɗa da Buhari. Kuma tun dā an samu kwafin Muwaɗɗa da suka zo da ba, har Ibn Abdil Barri ya yi magana kan haka ya rinjayar da fa. Ma'anar na canzawa: da fa, mutum ya hau kan dutsi, da ba, ya shiga rassan dutsi da hanyoyin da ke tsakaninsu. Wanda ya san ƙasar Adar, da tuddanta masu faɗin kai da kwazazzaban da ke ratsa su, ya san waɗanga wurare biyu ne dabam. Tunda Hausar Malam ta ce kawuna, na tabbata fa ya nufa, kuma da fa na buga. A nan fassarar Hausa ce ta gyara Larabci, abin da ba kasafai masu kallon ajami a raine suke zaton zai yiwu ba.

Inda na fi jin daɗin Malam shi ne a'araf. Ya rubuta zankaye. Na daɗe ina kallon kalmar ina jinjina kai. A'araf jam'in urf ne, kuma urf shi ne zankon zakara da gezar doki, abin da ya tsaya bisa ya fito fili. Masu tafsiri sun ce a'araf, a surar da ke ɗauke da sunan, su ne bisan katangar da ke tsakanin Aljanna da Wuta, inda wasu mutane ke tsaye suna hangen ɓangare biyu. To Bahaushe da wagga kalma guda, zanko, yake kiran na zakara, da ita kuma yake kiran ƙahonnin nan da magina ke fiddawa a kusurwar soro, irin waɗanda ke bisa tsofaffin gidajen Birni a Damagaram. Ka ga tafiyar da kalmar ta yi a Larabci, daga kan zakara zuwa kan katanga, ita ce tafiyar da ta yi a Hausa, ba tare da ɗaya ta ara wurin ɗaya ba. Na ji masu tafsiri da yawa cikin azumi suna cewa tozon katanga, wasu su ce tsauni, wasu su bar ta a'arafu kurum. Ban ji wanda ya kai Malam a nan ba. Yaron da aka ce wa zankaye zai ɗaga kai ya ga abin, ya kuma gane cewa wurin tsayuwa ne marar faɗi, ba wurin zama ba.

Daga nan sai saɓanina da shi ya fara. Ƙarƙashin gaya da muntaha duka ya rubuta ƙoli. Ban yarda ba. Kalmomin nan biyu ba su da bisa cikin asalinsu. Gaya ita ce inda ake nufa a tsaya, kuma Larabawa na kiran tuta da ita, irin wadda ake kafawa a ƙarshen filin tsere. Muntaha inda abu ya ƙare. Ƙarshen abu kuwa yana iya zama sama, yana iya zama gaba, yana iya zama ƙasa. Mai haƙar rijiya in ya kai muntahar aikinshi gindin rami ya kai. Hausa tana da kalmomin da suka dace sarai: matuƙa, maƙura, iyaka. Malamanmu na dā da suka zo ga sidratul muntaha a Suratun Najmi magaryar tuƙewa suka ce, ba su ce magaryar ƙoli ba, ko da yake a sama take, don abin da sunan ke faɗi shi ne a nan ake tuƙewa. Ina ganin wanga wuri ne ya ja Malam: ya ga magaryar a sama, ya ba kalmar ma'anar wurinta. Kuskure ne mai sauƙi, amma yana haihuwa. Ɗalibin da ya riƙe gaya ƙoli ce, in ya shiga nahawu aka ce mishi wane harafi na farkon gaya ne wane na ƙarshenta, zai ruɗe, don ba a maganar hawa ko sauka, ana maganar daga ina zuwa ina. Ita kanta Hausa da ta ari kalmar ba ta ba ta tsawo ba: muna cewa gayar kyau, muna kuma cewa gayar muni.

Auju ita ce Malam ya bari ba fassara, kuma na fi girmama shi don farin wurin nan bisa ga da ya cika shi da bisa. Kalma ce ta masu ilimin falaki, ba asalin Larabci ba ce, daga gabas ta shigo musu. Suna nufin wurin da tauraro ya fi nisa da ƙasa cikin kewayonshi. Rana tana kai wa aujinta sau guda a shekara, farkon watan Yuli. Daga baya marubuta suka ara ta ga mulki da ƙarfi da shahara, su ce daula ta kai aujinta. Ga wagga ma'ana ta aro muna da kalma mai kyau wadda ba ta zo wa Malam ba ranar nan: ganiya. Ganiyar damina, ganiyar ƙuruciya, yana ganiyar mulkinshi. Ganiya ƙololuwa ce ta lokaci, kuma duk wanda ya ji ta ya san abin zai wuce. Ita na sa a bayanin ƙasa, na bar wurin Malam fari yadda ya bar shi.

Saura ta ƙarshe, wadda ta haddasa saɓani. Ƙarƙashin istiwa'i, wato istiwa'in rana, ba wanda malaman tauhidi ke magana a kai ba, Malam ya rubuta: rana bisa kai, ba inuwa. Wanga ba daidai ba ne, kuma ba sai an buɗe littafi ba, sanda guda ta isa. Istiwa'i shi ne rana ta kai ƙarshen hawanta na wannan yini, inuwa ta daina raguwa ba ta fara ƙaruwa ba. Zamanta daidai bisa tsakar kai wani abu ne dabam, shi masu falaki ke kira samtur ra'asi, kuma daga samt ɗin nan ne kalmar zenit da ƴan lakwal ke ji a Faransanci ta fito. A ƙasarmu, daga Yamai zuwa Maraɗi zuwa Damagaram, rana ba ta bi ta tsakar kai sai sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu cikin bazara, da wajen tsakiyar Agusta cikin damina. Tawa da ke ɗan arewa, kwanakinta na gocewa kaɗan. Tsakanin waɗanga lokuta biyu inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa, sauran shekara kuma arewa. Na kafa sanda a tsakar gidanmu a Maraɗi na bi ta shekara guda. In an ƙaddara tsawon mutum taki bakwai, yadda malaman fiƙihu suke yi, to cikin watan Yuni inuwar da ke saura da tsakar rana taki guda ce da ɗan kai. Cikin Disamba, tsakiyar ɗari, ta haura taki biyar. Ba ranar da za ta ɓace cikin hunturu, ko ka jira har magariba.

Dubi abin da wanga ke jawowa. Azahar tana shiga da zawali, sa'ad da inuwa ta fara ƙaruwa bayan ta gama raguwa. La'asar tana shiga in inuwar abu ta kai tsawonshi, bayan an fidda inuwar da ta saura lokacin zawali. Wanda aka koya wa cewa ba inuwa lokacin istiwa'i ba zai fidda komi ba. Cikin Disamba zai ga inuwarshi ta kai taki bakwai ya tashi ya yi la'asar, alhali sai ta kai 12 da ɗoriya lokacinta ke shiga. Tsakanin biyun akwai kusan awa guda da rabi. Yau akwai agogo da jadawali da kiran salla a lasifika, wani zai ce mi ya yi saura. To manomi a gona da makiyayi a daji har yanzu da inuwa suke aiki, kuma ɗalibin da zai koya musu daga irin wanga littafi yake ɗauka. Ina kyautata zaton Malam ya rubuta warƙar ne cikin bazara, ya leƙa waje ya ga inuwarshi ƙarƙashin ƙafarshi, ya rubuta abin da ya gani. Abin da ya gani gaskiya ne, na kwanaki kaɗan.

Da na kai wa dattijon nan maganar, ya saurare ni har na gama. Ya ce, “Ɗana, kai za ka gyara wa Malam?” Na ce, “Allah gafarta Malam, ba ni ne zan gyara ba, inuwa ce.” Bai yi dariya ba. Ra'ayinshi shi ne a buga warƙar yadda take ba tare da an ce uffan ba, wanda ya sani ya sani, don kada yara su raina magabata. Wani ɗan'uwa kuma, daga cikin masu aikin rubuce-rubucen dā a Yamai, ya ba ni shawarar da ta yi hannun riga da wagga: in gyara cikin matani kurum, in sa daidai, ba wanda zai lura. Na ƙi duka biyun. In na yi shiru na bar ɗalibi da abin da zai ɓata mishi lokacin salla, kuma ban ga yadda wanga zai zama ladabi ga mutumin da ya ƙare rayuwarshi yana koyar da salla ba. In na gyara a ɓoye na sa wa Malam magana a baki, na kuma ɓata wa na bayana hanyar sanin abin da ke takarda. Mutumin da ya bar auju fari don bai tabbata ba, ban zaci zai so a rufa mishi asiri da ƙarya ba. Mun koma kan maganar sau uku. A na ukun na tafi da sanda, cikin sanyi, muka kafa ta ƙofar zaurenshi muka zauna har rana ta raba. Ya dubi inuwar, ya ce in rubuta, amma in ambaci inda Malam ya dace kafin inda ya kuskure. Na yi hakan, kuma ko bai ce ba haka jerin ya zo.

Ga yadda na tsara warƙar a bugu. Kalmomin Malam suna nan yadda ya rubuta su, da ajaminsu, boko na biye. Sha'af na buga ta da fa, na nuna surar asali a hoton da ke fuskantar shafin. “Bisa” ɗin almajiri ban zubar da su ba, na sa su cikin ƙananan haruffa, har da layin da ya soke tozo da shi. Gaya da muntaha da istiwa'i kowace tana da alamar tauraro da ke mai da mai karatu ga wanga bayani. Warƙa ta 32 ta koma ga matanin hadisin, daga inda aka yi maganar kame harshe.